Ilmin Gini da Tsara Gari: Daga Samaru Zuwa Birnin Gwari

A shekarar 1955 aka kwaso ajin koyon zanen gine-gine daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Shekara uku ke nan da buɗe shi a ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, wadda Turawan mulki suka kafa a 1952 suka yi mata rassa a Ibadan da Inugu da Zariya. Ajin bai taka kara ya karya ba. Ɗalibai 'yan ƙalilan ne, malamai kusan duk daga Ingila, manhaja kuwa an tsara ta ne don cin jarrabawar RIBA, ƙungiyar masu zanen gini ta can Landan. Rukunin farko ya fita a 1961. Da shekara ta zagayo, ranar 4 ga Oktoba 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta gaji kwalejin da filinta na Samaru da malamanta. Daga wannan ɗan aji makarantun zanen gini na Arewa suka samo iri, kuma a kan wannan harsashi muka tashi, mu da muka yi karatu a can muka ci gaba da koyarwa a fannin.

Abin da ake koyarwa a farkon nan ba abin rainawa ba ne. Zamani ne na ilmin ginin ƙasashe masu zafi, wanda Maxwell Fry da matarsa Jane Drew suka yi fice a kansa. Su ne suka zana Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kuma a 1954 aka buɗe wa wannan ilmi sashe na musamman a makarantar AA ta Landan. Ɗalibi zai koyi inda rana ke dukan bango a kowane wata, da yadda ake juya gini dogayen ɓangarorinsa su fuskanci kudu da arewa, da yadda ake yi wa taga rumfa, da yadda ake barin iska ta ratsa ɗaki. Ilmi ne na gaskiya, har gobe ina koyar da shi. Sai dai an gina shi ne bisa yanayin bakin teku, inda gumi ke damun mutum, maganinsa kuwa iska. Zariya ba haka take ba. Muna da hunturu mai ƙura da sanyin asuba, da bazara mai ƙuna, da damina wadda hadarinta ke tasowa daga gabas ya yi ta cin bango. Wanda ya buɗe gininsa ta ko'ina don iska ta shiga, a watan Janairu ƙura zai tara. Amsar wannan yanayi tana nan a cikin birnin Zazzau, 'yar tafiya kaɗan daga Samaru: bango mai kauri da ke shanye zafin rana ya sake shi cikin dare, ƙananan tagogi can sama, tsakar gida a buɗe. Manhajar farko ba ta leƙa can ba.

Waɗanda suka fara ɗaga murya ba masu zanen gini ba ne, maƙwabtansu ne na sashen zane-zane. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce abin da aka koya musu daga Turai sai ya haɗu da abin da suka taso suka tarar a gida. Nwoko bai yi digirin zanen gini ba, amma shi ya gina majami'ar Dominikan ta Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi lambar yabo mafi girma a bikin baje kolin gine-gine na birnin Benis a Italiya. Tun daga farkon tafiya ke nan, gudunmawa mafi nauyi ta shigo wa fannin ta ƙofar wani sashe.

A waje ma iska tana kaɗawa ta wannan fuska. A 1959 jami'ar Berkeley ta Amurka ta haɗa zanen gini da tsara birane da tsara filaye a kwaleji guda. A 1960 Richard Llewelyn-Davies ya karɓi makarantar Bartlett ta Landan ya shigo da masana halayyar ɗan Adam da tattalin arziki da kimiyya cikin koyar da gini. Hujjarsu ɗaya ce: gida da titi da kasuwa da magudanar ruwa abu ɗaya ne a rayuwar mai zama cikinsu, don haka bai kamata a rarraba su a aji ba. Mu a Arewa ba a littafi muka fara ganin wannan ba, a Kaduna muka gani. Mai tsara birane Max Lock ya zo da ayari mai ƙwararru iri-iri, suka bi gari gida-gida suna tambayar mutane daga ina suka zo, nawa suke biya haya, ina suke ɗebo ruwa, ta ina suke zuwa aiki, kafin su ja layi ko ɗaya a takarda. Rahotonsu ya fito a 1967, yana waiwayen shekara 50 tun da aka mai da Kaduna hedikwata a 1917, yana kuma hangen shekara 50 zuwa 2017. Kano ma ta samu nata tsarin na 1963 zuwa 1983 a hannun Trevallion.

Da haka Tsangayar Zanen Gini ta Samaru ta rikiɗe ta zama Tsangayar Tsara Muhalli, sassa suka yi ta tsirowa a cikinta: zanen gini, fasahar gini, tsara birane da yankuna, ƙiyasin kuɗin gini, zane-zane, ƙirar kayan masana'antu mai ɗauke da masu tukwane da saƙa da gilashi, daga baya kuma safiyo. Ekundayo Adeyemi, ɗaya daga cikin ɗaliban farko-farko, ya dawo ya shugabanci sashen zanen gini, ya kuma zama ɗan Nijeriya na farko da ya kai farfesa a fannin. Hikimar haɗin a fili take. Ɗauki kasuwar ƙauye guda. Safiyo ne zai ce ga iyakar fili ga gangaren ruwa. Mai tsara gari zai ce ta ina mota za ta shigo, ina kara za ta zauna don shanu kada su ratsa masu hatsi. Mai zane zai fitar da rumfuna, mai fasahar gini ya ce ga yadda za a tayar da su da kayan da ke kusa, mai ƙiyasi ya ce ga abin da aljihun ƙaramar hukuma zai iya. Duk wanda aka cire a cikinsu, 'yan kasuwa za su ga gurbinsa ranar da ruwan farko ya sauka.

Ni dai a ganina aikin da ya fi kowane daraja a tarihin wannan fanni a Arewa shi ne na awon gidaje. Malam zai raba mu rukuni-rukuni ya tura mu cikin birni da tef da allon zane da fensir. Ba a faɗa wa gidan mutane haka kawai. Sai an bi ta wurin mai unguwa, shi ya haɗa ku da maigida, ku zauna a zaure a gaisa a sake gaisawa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Mu maza galibi iyakarmu zaure da ƙofar gida da shigifa. 'Yan uwanmu mata su ke shiga cikin gida, kuma su ke fitowa da abin da ya fi muhimmanci: ina murhu, ina rijiya, nawa ne tsakaninta da masai, ɗakin wa ke kallon na wa, ina ake daka, ina ake sana'ar da ke ciyar da rabin gidan. Ajin da ba mata a cikinsa rabin gidan Bahaushe kawai zai iya aunawa, kuma a lokacin matan ba su da yawa.

A irin wannan fita muka tarar da wani dattijon magini yana gyaran wani soro mai ɗaurin guga. Rufin a buɗe yake, ƙasusuwan ginin duk a waje. Ɗayanmu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ta yaya kuke sanin wannan ƙafa za ta ɗauki nauyin rufi?"

Ya ce, "Ɗana, tun azara tana jikin giginya ake sani."

Sai ya nuna mana. Namijin giginya ake sara, a tsaga shi, a ɗauki ɓangaren waje mai duhu da tauri wanda gara ba ta iya masa. Azara guda idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasa, ba ta cika ɗaukar faɗin da ya kai mita 2 ba tare da ta lanƙwasa ba. To yaya aka yi soro ya kai faɗin da za a yi zaman fada a cikinsa? Ana dasa azara ne a cikin bango tun yana hawa, a karkato da ita ciki, a ɗaure da igiya, a yaɓe, a bari ya bushe. Sai a ɗora wani sahu a kan na farko, ya ƙara leƙowa, a ɗaure, a yaɓe, a jira. Haka daga kowane gefe har ƙafafun su haɗu a sama. Jiran nan shi ne rabin aikin, shi ya sa gini na rani ne. Sannan ga abin da ke kare shi daga ruwa: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina da gashin dabbobi da dafara, indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Ka duba ka gani, soro guda ya jawo mai saran giginya da marini da majemi da mai ɗorawa a gona. Ranar da marina ta mutu a unguwa, laso ya mutu, rufin ƙasa ya fara yoyo, maigida ya tafi neman kwano. Wanda ya tsaya a ilmin zane kaɗai zai ce mutane sun guji gargajiya ne don son birgewa. Wanda ya bi sawun kayan aikin zai ga sana'o'i ne suka faɗi ɗaya bayan ɗaya.

Manyan da suka share mana wannan hanya sun bar ayyuka. Friedrich Schwerdtfeger ya auna gidajen Zariya, bai tsaya ga bango ba, ya haɗa da asalin mutanen gidan da sana'arsu da abin da suke samu, littafinsa ya fito a 1982. Abin da ya nuna kowane Bazazzagi ya san shi, amma ba a taɓa sa shi a takarda haka ba: gida yana girma yana raguwa tare da mutanensa. Ɗa ya yi aure a tayar da ɗaki, tsohuwa ta rasu a bar nata ya zube, ƙasarsa ta koma cikin tubalin wani ɗakin. Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen auna gine-ginen gargajiya a faɗin Nijeriya, ya kafa gidan tarihinsu a Jos inda aka sake tayar da kwatankwacin Masallacin Juma'a na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, kundinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. Cliff Moughtin ya fitar da nasa a 1985. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Hamman Tukur Sa'ad, domin shi ya zauna da magina ya tambaye su abin da su kansu suke kira kyau a gini, da yadda suke bambanta gwani da wanda ya iya kawai. Ya kammala wannan bincike na digirin digirgir a jami'ar Michigan a 1981. Daga nan magini ya tashi daga abin nazari ya koma malami.

Duk waɗannan ayyuka suna komawa kan mutum ɗaya, Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840. Ana jingina masa gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. A labarin da ake bayarwa a Zazzau, aikinsa na ƙarshe a Birnin Gwari ya yi shi, kuma a can aka kashe shi don kada ya sake yi wa wani sarki irinsa. Labari ne na baka, ana ba da irinsa game da manyan magina a ƙasashe da dama. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, a ƙarni na 19 Birnin Gwari gari ne da ya isa ya kira maginin da ya fi kowa a ƙasar Hausa. A azuzuwanmu kuwa sau da yawa a wannan labari kaɗai sunan garin ke fitowa.

Ban da gida, akwai kududdufi. Idan ana neman abu guda da ke nuna dalilin kafa tsangaya irin tamu, shi ne. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina unguwa, don haka tarihin gini ne. Shi ke karɓar ruwan sama daga lunguna, don haka magudana ce. Shi ke tara sauro da shara, don haka batun lafiya ne. Yau kuma fili ne mai tsada da ake cikewa a yanka fuloti, don haka batun mallakar ƙasa ne. An cike su da yawa a Kano da Zariya da Katsina ba tare da an yi wa ruwan wata hanya ba, ruwan kuma yana komawa inda ya saba, ko da an kafa gado da katifa a wurin. Ba sashe ɗaya da zai ce kududdufi nasa ne, shi ya sa ya zama na babu kowa.

To me ya raba kan fannin? Kuɗin man fetur ne na farko. A 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas, wata da watanni suna jiran sauke kaya. A 1976 aka yi dokar kafa Abuja, tsarin birnin ya fito a 1979, Kenzo Tange na Japan ya zana tsakiyarsa. Duk ɗalibi mai kaifin kai idonsa ya koma kan sakatariya da otal da rukunin gidajen gwamnati. Ba na ganin laifinsu, ƙasa tana bukatar waɗannan, kuma 'yan Zariya sun yi rawar gani a cikinsu. Amma bulo da kankare da rodi suka zama su ne gini, tubali ya koma darasin tarihi na zango guda.

Na biyu shi ne hukumomin rajista. ARCON ta masu zanen gini ta zo a 1969, COREN ta injiniyoyi a 1970, ta masu ƙiyasi a 1986, TOPREC ta masu tsara birane a 1988, CORBON ta masu fasahar gini a 1989. Kowace an kafa ta da kyakkyawar niyya, don kada wanda bai iya ba ya kashe mutane da gini. Amma kowace tana zuwa tantance sashenta da jerin darussan da dole a koyar, da adadin malamai masu rajistarta da dole a samu. Jadawali ya cika maƙil, darasin da ake haɗa ɗaliban sassa a aiki guda shi ne farkon abin da ake yankewa. A waje kuma ana ta ja-in-ja kan wa zai shugabanci aiki, wa zai sa hatimi, kaso nawa kowa zai ɗauka. Sassan suka koma zaman 'yan uba, ƙofar gida ɗaya, kowa da tukunyar ɗakinsu. Sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, malamai 'yan waje, waɗanda da yawansu daga Gabashin Turai da Asiya suke, suka tattara suka tafi, kuɗin fita da ɗalibai ya ƙafe. Awon gida yana bukatar mota da mai da kwanaki. Rarraba takardar tambayoyi a harabar makaranta ba ya bukatar komai, kuma ana samun ƙarin girma da shi.

A wata jami'a da aka gayyace ni jarraba ɗaliban digiri na biyu, na ga wani yaro da ya yi aiki a kan mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suka cunkushe a wani gari: mutum nawa ke kwana a ɗaki, yadda zaure ya koma ɗakin kwana, yadda masai guda ke ɗaukar gidaje uku, yadda haya ta yi tsalle. Aiki ne mai rai, ya shiga gidajen da ƙafarsa. Tambayar farko da aka yi masa ita ce ina zanen gininsa. Aka ce wannan ilmin zamantakewa ne, ba na sashen ba, ya cire babi biyu ya sa zanen rukunin gidaje a madadinsu. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin babi biyun da aka cire su ne ainihin abin da aka kafa fannin dominsa.

Wannan ya kawo ni Birnin Gwari. Ƙaramar hukuma ce da ta haura murabba'in kilomita 6,000, mai mutum sama da 250,000 a ƙidayar 2006, tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, yana haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Daga Kaduna kimanin kilomita 120 ne ta Buruku da Udawa. Wannan titi shi ne tsohuwar hanyar Legas, ta Tegina zuwa Jebba, kuma shi ya raya garuruwan da ke bakinsa. Akwai wani titin da ya nufi Funtuwa. Ƙasa ce ta masara da dawa da shanu da katako da zinariya.

Duba yadda zaman mutane ya juya a wannan ƙasa. A ƙarni na 19, lokacin hare-haren Nagwamatse na Kontagora a ƙasar Gwari da Kamuku, tsira tana cikin ganuwa ko kan dutse. Da hare-hare suka lafa, mutane suka sauko, suka bazu cikin gonaki, aka yi ta kafa ƙauyuka da tunga da ruga, kasuwa da mulki kuma suka bi bakin titi. Tsohuwar Birnin Gwari tana nan shaida. Sai ga shekarun nan na 'yan bindiga sun mai da hannun agogo baya. An kai hari Dogon Dawa a 2012, an kai Gwaska a 2018, ga ƙauyuka da dama da aka tashe su ba a ji sunansu a rediyo ba. Mutane suka sake tattaruwa a manyan garuruwa, amma wannan karon ba ganuwa, ba rijiyoyin da aka haƙa don yawansu, ba filin da aka ware musu. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana saran itace da hawan babur, aka kuma katse layukan waya. Duk waɗannan matakan tsaro ne, amma kowanne ya taɓa yadda gari ke numfashi. A ƙarshen 2024, bayan sulhu, Gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe, manyan motoci suka fara dawowa.

An yi rubutu mai yawa a kan wannan yanki ta fuskar tsaro da siyasa. Ta fuskarmu kuwa shiru ya fi yawa, alhali kusan kowace tambaya da mai komawa gida zai yi tamu ce. A koma kowa tungarsa, ko a taru a ƙauyuka kaɗan masu girma a riƙa fita gona? Idan an taru, gonar wa za a zauna a kai, me za a ba shi? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta bar filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, amma iyakar gona ba a ofis take ba, tana kan dagaci da dattawa, tana jikin wata ɗorawa ko kaɗanya ko tsohon suri. Inda dattijon ya rasu a gudun hijira, bishiyar kuma ta zama gawayi, rigima ce ke jira. Safiyo yana da tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam da za su nuna yadda gonaki suke kafin tashin hankali, amma hoto ba ya faɗin sunan mai gona. Sai an zauna da mutane. Haka burtali da mashaya. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, kuma burtali shi ma abu ne da ɗan Adam ya shata a ƙasa, daidai da titi. Duk tsarin da ya zana gidan manomi ya manta rugar Bafulatani da hanyar shanunsa zuwa ruwa, ya shuka rikicin gaba.

Ga makaranta. Bayan kwashe ɗaliban Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, a watan Maris na 2024, ba uban da zai ɗauki mazaunin makaranta da wasa. Mun saba kai ta bayan gari inda fili ke da arha. Yanzu dole a sake tunani: a cikin gari, inda idon jama'a ke kanta, ko da filin wasan zai ragu.

Ga zinariya. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, a tsakar gida ya faru. Ana kawo dutsen gida a daka a niƙa, ƙurar ta zauna a daɓen da yara ke rarrafe, maganin kuma ya haɗa da kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Likita zai yi wa yaro magani, amma cewa ga inda za a niƙa dutse, nesa da gida da rijiya, ta inda iska ba za ta kwaso ƙura ta kawo gari ba, aikin mai tsara gari ne da mai zanen gida.

Sannan ga dajin kansa. Duk ɗakin da za a sake rufawa katako yake nema, katakon kuma daga nan zai fito. Idan dubban gidaje suka tashi lokaci guda da bulo da kwano, kuɗin ya fi ƙarfin mai dawowa, dajin kuma zai biya sauran. A nan ilmin ginin ƙasa ya daina zama abin ajiye wa tarihi. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. Masallacin Yama a yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan garin, aka gama a 2018. Muna da hukumar binciken gini da tituna ta ƙasa, NBRRI, tun 1978, ta kuma yi aiki a kan irin wannan tubali. Abin da ya rage shi ne a gwada ƙasar Randagi da ta Kuyello a yankin Birnin Gwari a ga wadda za ta yi, a kuma fitar da farashin ɗaki guda a gaya wa maigida gaskiya.

Manyan ayyukan sabunta birane da Jihar Kaduna ta ƙaddamar a 2019 sun tsaya ne a Kaduna da Zariya da Kafanchan. Makarantun fannin kuwa sun kewaye Birnin Gwari ta ko'ina: Samaru, Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kaduna Poli da ke Barnawa, Jami'ar Jihar Kaduna, Jami'ar Fasaha ta Minna, Jami'ar Bayero. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar da sabuwar manhaja wadda ta ware zanen gini ya zama fanni mai cin gashin kansa. Abokaina da yawa sun yi murna, ni kuwa ina jin tsoron wata katanga ce aka ƙara. Amma manhajar ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta, kuma a nan nake ganin ƙofa.

A cikin wannan kaso za a iya kafa darasi guda na shekarar ƙarshe wanda ɗaliban sassa duka za su yi tare, a ba su maki tare, a kan gari guda na ƙasar Birnin Gwari. Ba na cewa a kwashi 'ya'yan mutane a kai su inda rai ke cikin haɗari. Za a fara da cikin garin Birnin Gwari, da izinin masarautar Birnin Gwari da ƙaramar hukuma da shawarar jami'an tsaro, a bar ƙauyuka sai hanya ta tabbata. Akwai 'yan asalin yankin a azuzuwanmu, maza da mata, waɗanda suka san wace ƙofa ake fara ƙwanƙwasawa, su za su ja gaba. Aikin zangon farko ba zane ba ne. Taswira ce ta ƙauyukan da ke da mutane da waɗanda suka zama kufai, da rijiyoyi da burtsatsen da ke aiki, da gidajen cikin gari da suka ɗauki baƙi da yawan waɗanda ke kwana a kowane ɗaki, da sunayen maginan da suka rage da abin da kowannensu ya iya. A yi shi da rani, a miƙa wa ƙaramar hukuma da masarauta kwafi da Hausa kafin masu komawa su fara sharar gona.